Bin Sawun Angélique Kidjo: Kundin Aikin Shirin Rediyo

6 ga Janairu

Yau na buɗe wannan kundi don in riƙa rubuta inda aiki ya kwana. Aikin kuwa shirin rediyo ne da Hausa, kashi shida, kowane kashi minti ashirin da biyar, kan mawaƙiyar Jamhuriyar Benin, Angélique Kidjo. Mu biyu ne a kansa: rubutu da murya nawa, ɗauka da haɗa sauti na wani ƙanina a sana'a.

Dalilin zaɓenta ba ɓoyayye ba ne. Da yawa cikin waɗanda suka yi wayo a shekarun 1990 sun san "Agolo", sun ji ta a rediyo ko sun ga bidiyonta a talabijin. Amma tambaye su wace ce mai waƙar, 'yar ina ce, da wane harshe take yi, sai ka ji shiru. Mace ce da ta karɓi lambar Grammy har sau biyar, ta haura shekara arba'in tana waƙa, ga ta kuma 'yar maƙwabta. Bai dace a ce mun san amshin waƙarta ba mu san labarinta ba.

Tsarin da na zana yau mai sauƙi ne: yarinya ta tashi cikin kiɗan gargajiya, ta je Turai ta tarar da kiɗan pop, ta haɗa biyun, duniya ta karɓa. Gargajiya daga gida, zamani daga waje. A kan haka na raba kashi shidan.

11 ga Janairu

Kwana biyar da fara karatu, tsarin ya rushe, kuma na ji daɗin rushewarsa tun da wuri.

An haife ta ranar 14 ga Yuli 1960, saura kwana goma sha takwas ƙasar ta karɓi 'yancin kai daga Faransa, lokacin ana kiranta Dahomey. Mahaifinta ɗan ƙabilar Fon ne na garin Ouidah, mahaifiyarta Bayarabiya. A Kwatano ta girma. Ke nan tun tana rarrafe akwai harshe biyu a kunnenta, makaranta ta ƙara mata Faransanci, bakin teku ya ƙara mata Mina, wanda ake yi har zuwa Lome. Mahaifiyar tana da ƙungiyar wasan kwaikwayo, kuma a nan yarinyar ta fara hawa dandamali tana da shekara shida.

Abin da ya kwance mini lissafi shi ne faifan da ke gidan. Yayyenta maza suna da ƙungiyar kiɗa, kuma abin da ake ji a tsakar gidan ya haɗa da James Brown, Otis Redding, Aretha Franklin, Jimi Hendrix da Santana. Ga Miriam Makeba daga Afirka ta Kudu, ga Bella Bellow 'yar Togo, wadda ta rasu a haɗarin mota a 1973 tana ƙuruciyarta. A cikin gari kuma ƙungiyar Poly-Rythmo tana ɗora kiɗan gangunan vodun, addinin gargajiyar Fon, a kan funk, salon kiɗan su James Brown, Gnonnas Pedro yana waƙar salsa kamar a Havana aka yanke masa cibiya. Kwatano gari ne na tashar jirgin ruwa, tsakanin Legas da Lome, duk abin da ya taso daga teku ko ya gangaro daga tudu sai ya ratsa ta cikinsa.

Ashe ba a Faris aka yi gaurayen ba. A gidan ubanta aka yi shi. Yarinyar da ta yi wayo ta tarar da muryar Aretha Franklin a ɗakin yayanta ba za ta ɗauke ta baƙuwa ba, kamar yadda ba za ta ɗauki gangar biki baƙuwa ba. Ni ne na zo da shinge a kaina, na dasa shi a inda babu shi. Na yage takardar tsarin farko. Kashi na ɗaya yanzu zai tsaya ne a kan gidan da garin.

19 ga Janairu

Wannan makon a kan fitarta daga ƙasar na yi.

Kafin ta tafi ta riga ta yi suna. Ta yi waƙa da ƙungiyar makarantarsu, Les Sphinx, an sa muryarta a rediyon ƙasa, sannan ta fitar da faifanta na farko, Pretty, tare da mawaƙin Kamaru Ekambi Brillant. Ba neman suna ya kore ta ba.

Mathieu Kérékou ya karɓe mulki da juyin soja a 1972. A 1974 ya ayyana aƙidar gurguzu ta Markisanci, a 1975 aka sauya wa ƙasar suna zuwa Jamhuriyar Jama'ar Benin. A ƙarƙashin irin wannan mulki ana sa ran mawaƙi ya zama kakakin juyin juya hali. Ita ba ta yarda ba, a 1983 ta sulale zuwa Faris tana da shekara ashirin da uku. Ƙasar ba ta koma tsarin jam'iyyu da yawa ba sai bayan babban taron ƙasa na Fabrairu 1990.

Na daɗe a kan sakin layi guda a nan. Mai sauraronmu ya tashi cikin waƙar yabo, ya san darajarta, ya san makaɗin da ya yi wa sarki ko jarumi waƙar da ta rayu bayan su duka sun kwanta dama. Ba na son ya fahimci cewa Kidjo ta raina yabo ne. Abin da ta ƙi shi ne a sa mata kalma a baki. Yabon da mawaƙi ya yi don ya ga abin yabo daban, wanda aka rubuto masa daga ofis daban. Sai da na sake rubuta wurin sau huɗu kafin ya zauna.

27 ga Janairu

Mun aika takardar neman izinin sa guntayen waƙoƙi a cikin shirin. Ba amsa tukuna. Mai jin Yarabanci da za ta taimaka da ma'anar baitoci ta samu, wata malama ce, ta ce sai watan Maris. Mai jin harshen Fon kuwa har yanzu cigiya muke yi, kuma ba zan fassara wa mutane abin da ban ji daga bakin mai harshen ba.

8 ga Fabrairu

Kashi na biyu, shekarun Faris, ya kusa kammala a rubuce.

Wadda ake tafa wa a gida ta koma 'yar amshi a bayan wasu. Ta shiga makarantar jaz ta CIM, inda ta haɗu da makaɗi Jean Hébrail, Bafaranshe, wanda ta aura a 1987, kuma da shi ta tsara mafi yawan waƙoƙinta. Daga tsakiyar shekarun 1980 ta zama muryar gaba a ƙungiyar Pili Pili ta Jasper van 't Hof, makaɗin piyano ɗan ƙasar Holan. Bayan nan ta yi faifan kanta mai suna Parakou, sunan wani gari a arewacin Benin. A 1991 Chris Blackwell, wanda ya kafa kamfanin faifai na Island, wanda ya fito da Bob Marley idon duniya, ya ɗauke ta.

Faris ta wancan zamani ita ce matattarar mawaƙan Afirka: Manu Dibango, Salif Keita, Mory Kanté, Papa Wemba, duk suna can. Ƙanina ya haɗa 'yan daƙiƙu daga kowannensu don buɗe kashin, in izini ya samu.

Mun yi gardama a kan kalma ɗaya. A 1987 wasu masu ƙananan kamfanonin faifai suka zauna a Landan suna neman sunan da za a liƙa a kanta a shagunan sayar da faifai, don mai saye ya san inda zai duba. Suka tsaya a kan world music. Ƙanina ya ce, "Yaya, mu ce kiɗan duniya kawai mu wuce, lokaci na tafiya." Na ce masa, "Ƙanina, in muka faɗa haka muka wuce, mai sauraro zai ɗauka wani salon kiɗa ne mai amo guda, kamar yadda ake cewa reggae ko jaz. Alhali a wannan kantar aka jera mawaƙin Pakistan da 'yan amshin Bulgeriya da makaɗin kora na Mali. Ba abin da ya haɗa su sai kasancewarsu ba 'yan pop ɗin Ingila da Amurka ba."

Ba na cewa sunan bai yi amfani ba. Ya buɗe ƙofa, ya sa an sayi faifai, an shirya bukukuwa, mawaƙa da yawa sun ci abinci ta dalilinsa. Amma ƙofar ta ɗaki ce da ke gefe, ba ta zauren gida ba. Muka daidaita: za mu bayyana asalin sunan sau ɗaya, cikin minti biyu, daga nan ba za mu sake kiran waƙarta da shi ba.

15 ga Fabrairu

Mako guda na yi ina sauraron faifai uku a jere, safe da dare: Logozo na 1991, Ayé na 1994, Fifa na 1996.

Logozo na nufin kunkuru da harshen Fon, dabbar da ke yawo da gidanta a baya. Faifan ya hau matsayi na ɗaya a jerin mujallar kiɗa ta Amurka, Billboard, na rukunin world music. Joe Galdo, na ɓangaren kiɗan Miami, shi ya tsara shi, Manu Dibango da Branford Marsalis suka busa saksofon. Gaskiyar da zan faɗa a shirin ita ce gangar na'ura da ke cikinsa ta tsufa. Da ka ji ta ka san shekarar da aka yi ta. Muryar ce ba ta tsufa ba. Murya ce mai kauri, mai fita kai tsaye daga ƙirji, ba ta lanƙwasa don neman tausayi, kuma tana cin kiɗa kamar ita ma ganga ce. A waƙar "Batonga" za ka ji yadda take sara kalma gaɓa-gaɓa a kan bugu. Kalmar ma ita ta ƙirƙira tun tana 'yar makaranta, ta riƙa jefa wa samarin da ke tsokanar 'yan mata don suna zuwa aji.

Fifa ne ya fi kama ni. Kafin a yi shi, ita da mijinta sun zaga garuruwan Benin da na'urar ɗaukar sauti, suna ɗaukar makaɗa da 'yan amshi a inda suke, sannan aka gina waƙoƙin a kan abin da aka ɗauko. A cikinsa akwai Ingilishi, akwai jitar Carlos Santana, wanda faifansa take ji tana yarinya. Ka lura da juyin: ba ta bar gargajiya ta tafi pop ba. Sai da ta yi nisa a pop sannan ta ɗauki jaka ta koma ƙauye ta zauna gaban masu ganga.

Akwai masu sharhi a Turai da suka riƙa ƙorafin cewa kiɗanta ya yi zamani da yawa, bai isa "na Afirka" ba. Wannan magana tana ɓata mini rai duk lokacin da na ci karo da ita. Baturen da ya ɗauki gangar Afirka ya sa a waƙarsa sai a ce ya yi basira. Ba'afirkiyar da ta ɗauki jitar lantarki sai a ce ta ɓata asali. Wa ya ba wani ikon tsayar wa mutum iyakar abin da zai ji a gidan ubansa? Zan faɗi haka a shirin, da lafazi mai sanyi amma ba tare da na rage komai ba.

2 ga Maris

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma ya cinye mini mako biyu.

Ta sha ba da labarin ranar da ta ga hoton Jimi Hendrix a bangon faifan yayanta, tana 'yar shekara tara. Baƙin mutum ne kamar su, amma aka ce mata Ba'amurke ne. Ta tambaya ta yaya mutum zai zama ɗan Afirka kuma ɗan Amurka. Daga wannan tambaya ta fara jin labarin cinikin bayi. Abin da ya sa labarin ya yi nauyi shi ne garin mahaifinta. Ouidah na cikin manyan tashoshin da aka yi lodin bayi a gaɓar Afirka ta Yamma, masana tarihi sun ƙiyasta sama da mutum miliyan ɗaya aka fitar ta nan. A bakin tekun yanzu akwai ginin tunawa da aka kafa a 1995, ana ce masa Ƙofar da Ba a Dawowa.

Mutanen da aka fitar ba su tafi da kaya ba, amma sun tafi da abin da ke kansu. Addinin vodun na Fon ya tsira a Haiti. Sunayen abin bautar Yarabawa suna nan a Kyuba da Bahia ta Birazil, da waƙoƙinsu da salon bugunsu. Tsarin mai bayarwa da 'yan amshi ya shiga waƙar coci ta baƙaƙen Amurka, daga can ya shiga soul da funk. Ke nan faifan James Brown da ya sauka a tashar Kwatano ba baƙo ba ne, jika ne ya zo ganin gida.

Bayan ta koma New York da zama a ƙarshen shekarun 1990, ta yi faifai uku tana bin wannan sawu. Oremi na 1998 ya fuskanci kiɗan baƙaƙen Amurka, a ciki ta sake rera "Voodoo Child" ta Hendrix, inda muryoyi suka ɗauki aikin da jita ke yi. 'Yar ƙasar vodun ta karɓi waƙar da ke ɗauke da sunan, ta maido ta inda sunan ya fito. Black Ivory Soul na 2002 ya nufi Salvador ta Bahia, ta yi aiki da Carlinhos Brown, ta kuma rera "Refavela" ta Gilberto Gil. Shi kuwa Gil ya yi wannan waƙa ne a 1977, bayan ya halarci bikin FESTAC a Legas. Ka ga zaren: ɗan Birazil ya zo Legas ya koma da waƙa, bayan shekara ashirin da biyar 'yar Benin ta je ta ɗauko ta. Na uku, Oyaya! na 2004, ya shiga tsibiran Karibiyan.

A nan na ratse kaɗan, kuma da gangan. Cikin bayin da aka kai Bahia akwai Hausawa, kuma su suka jagoranci wasu yunƙurin tawaye a farkon ƙarni na 19, har da na 1807 da na 1814. A Janairu 1835, cikin watan azumi, aka yi babban boren Malê a Salvador, wanda Musulmi suka shirya, yawancinsu Yarabawa, da Hausawa a cikinsu. Bayan an murƙushe shi, da yawa daga cikin 'yantattun bayi suka dawo gaɓar Afirka, suka zauna a Legas da Ouidah da Porto-Novo. Su ake kira Aguda. Babban masallacin Porto-Novo da salon ginin Bahia aka gina shi, wanda bai sani ba zai ɗauka coci ne.

Ƙanina ya ce, "Yaya, wannan ai ya fita daga labarin mawaƙiya." Na ce masa a ba ni minti uku. Mai sauraron da ya ji cewa kakanninsa ma sun ratsa wannan teku zai saurari gangar Bahia da wani kunne daban. Ya yarda, da sharaɗin in rage wani wuri. Na cire jerin lambobin yabo da na sa a ƙarshen kashin.

9 ga Maris

Mun ɗauki kashi na ɗaya. Da muka zauna saurare sai ga wani zuu a ƙarƙashin murya daga farko har ƙarshe, waya ce ta saki. An gwada gogewa da kwamfuta, muryar ta koma kamar daga cikin tulu. Za mu sake ɗauka. Abin da na amfana shi ne na ji kaina ina gudu a wurin sunayen Faransanci. Na rubuta su yadda ake furta su a gefen takarda.

21 ga Maris

Malamar Yarabanci ta zo, mun yi awa uku. Ta tabbatar mini Ayé na nufin duniya ko rayuwa, Oremi kuma abokina. Amma abin da na fi ƙaruwa da shi ba ma'anar kalmomi ba ne. Na tambaye ta, "Malama, in mawaƙi ya ɗora Yarabanci a kan karin da ba na Yarabawa ba, ma'ana ba ta gurɓata?" Ta ce nan gwaninta take. Yarabanci harshe ne mai karin sauti, Fon ma haka, kamar dai Hausa: ka ɗaga inda ya kamata ka sauke, kalma ta zama wata. Mai waƙa da irin waɗannan harsuna ba shi da 'yancin jan murya duk inda kiɗa ya ja shi. Dole ya nemo kalmar da hawa da saukarta suka dace da karin, ko ya tanƙwara karin ya bi kalmar. Wannan aiki ne da kunnen Bature ba zai ji ba, ya ji daɗin waƙar kawai. Mai jin Hausa kuwa zai gane shi nan take, don haka na ba shi wuri a kashi na huɗu.

Sauran kashin kan shekarun lambobin yabo ne. Djin Djin na 2007, wanda Tony Visconti ya tsara, shi ya kawo mata Grammy ta farko a 2008. Baƙi sun cika shi: Alicia Keys, Peter Gabriel, Josh Groban, Ziggy Marley, Joss Stone, Amadou da Mariam. A ra'ayina sun yi yawa. Akwai waƙoƙin da nake jin an buɗe ƙofa ne don baƙo ya shigo, ba don waƙar na bukatarsa ba. Abin da ya fi tsaya mini a faifan shi ne "Lonlon", inda ta ɗauki Boléro, kiɗan da Bafaranshe Maurice Ravel ya tsara wa babbar ƙungiyar makaɗa, ta mai da shi waƙar muryoyi.

Eve na 2014 ya fi kusa da raina. Ta sadaukar da shi ga mahaifiyarta da matan Afirka, ta ɗauko muryoyin ƙungiyoyin mata daga Benin da Kenya. Shi da Sings na 2015, wanda ta yi da babbar ƙungiyar makaɗa ta Luxembourg, kowanne ya ci Grammy. A tsakanin nan Ba'amurke mai tsara kiɗa, Philip Glass, ya tsara mata kiɗa a kan waƙoƙi uku na Yarabanci, aka sa wa aikin suna Ifé. Wannan zan ambata ne in wuce.

4 ga Afrilu

Kashi na biyar: faifai biyu da ta ɗauki aikin wasu ta sake ɗinkawa.

A 1980 ƙungiyar Talking Heads ta Amurka, tare da Brian Eno, ta fitar da Remain in Light, kuma ba su ɓoye cewa kiɗan Fela Kuti ya yi musu jagora ba. Kidjo ta ce da ta fara jin wata waƙa daga ciki a Faris, kunnenta ya gaya mata wannan na gida ne. A 2018 ta sake rera faifan gaba ɗaya, waƙa bayan waƙa, ta sa ƙahoni da 'yan amshi, ta ƙara baitoci da harsunan gida. Wanda ta kira ya buga ganga a ciki shi ne Tony Allen, makaɗin da ya gina bugun afrobeat tare da Fela. Na saurari tsohon da sabon a jere. Na farkon a ɗaure yake, cike da fargaba, kamar mutum shi kaɗai a ɗaki. Nata a sake yake, kamar an fito da maganar dandali jama'a suna amsawa. Ban ce ɗaya ya fi ɗaya ba, kuma ba zan ce ba a shirin. Zan sa su kusa da juna, mai sauraro ya yi hukunci.

Celia na 2019 girmamawa ce ga Celia Cruz, sarauniyar salsa 'yar Kyuba da ta rasu a 2003, wadda Kidjo ta gani a kan dandamali tun tana yarinya a Benin. Abin da ta yi shi ne ta tono Yarabancin da ke kwance a ƙarƙashin salsa ta fito da shi sarari. Tony Allen yana nan, ga kuma 'yan ƙaho na Gangbé daga Benin. Allen ya rasu a Faris ranar 30 ga Afrilu 2020. Na roƙi ƙanina ya bar daƙiƙa goma na gangarsa ita kaɗai, ba magana a kai.

13 ga Afrilu

Kashi na ƙarshe ya fi kowanne wuyar tacewa, don abin faɗa ya fi lokaci.

Da ta karɓi Grammy ta Celia a Janairu 2020, ta sadaukar da ita ga Burna Boy, wanda suka yi takara a rukuni ɗaya, na world music, ta ce sabon ƙarni na mawaƙan Afirka na tafe. A ƙarshen wannan shekara masu ba da lambar suka sauya wa rukunin suna, suka cire world suka sa global. Sauyin suna ne, ɗakin gefen yana nan, amma aƙalla an amsa cewa tsohon sunan na da matsala. Mother Nature na 2021 ta yi shi da matasan: Burna Boy, Yemi Alade, Mr Eazi, Sampa the Great, ga dattijo Salif Keita. Waƙar "Dignity" da ta yi da Yemi Alade ta taso ne daga zanga-zangar EndSARS. Faifan ya kawo Grammy ta biyar a 2022.

Abin da nake so mai sauraro ya gani shi ne waɗannan matasa ba sa neman izinin kowa kafin su kira kiɗansu pop. Suna waƙa da Yarabanci da Pidgin, suna cika manyan filaye a Landan da New York. Hanyar da suke gudu a kai akwai waɗanda suka share ta da hannu, ita tana cikinsu.

Na cire waƙar da ta yi a bikin buɗe gasar Olamfik ta Tokyo a 2021. Na cire wadda ta yi a bikin sake buɗe cocin Notre-Dame na Faris a 2024. Lambar Polar ta Suwidin ta 2023, wadda aka ba ta a shekara ɗaya da Chris Blackwell, jimla ɗaya ta samu. Aikinta na jakadar UNICEF tun 2002 da gidauniyar Batonga da ta kafa don ilimin 'yan mata sun samu minti biyu, saboda kalmar da 'yar makaranta ta ƙirƙira don kare kanta ita ce ta zama sunan gidauniyar. Abin da na ƙi cirewa shi ne ranar 11 ga Nuwamba 2018, bikin cika shekara ɗari da ƙare Yaƙin Duniya na Ɗaya. A gaban shugabannin ƙasashe a Faris, ta rera "Blewu" ta Bella Bellow, don tunawa da sojojin Afirka da suka mutu a yaƙin. Waƙar da ta ji tana yarinya, ta 'yar Togo da ta rasu shekara arba'in da biyar kafin nan.

22 ga Afrilu

Inda aka kwana: rubutun kashi shida ya kammala. An ɗauki na ɗaya zuwa na uku, an haɗa na ɗaya da na biyu. Amsar takardar izini ta zo, amma ta waƙoƙi bakwai ce cikin goma sha tara da muka nema, sauran suna hannun wasu kamfanoni, sai mun sake rubutawa. Inda izini bai samu ba zan bayyana waƙar da baki, ba za mu sa abin da ba a ba mu ba.

An samo mai jin Fon, wani dattijo ne da ya yi shekaru yana aiki a tashar jirgin ruwa ta Kwatano. Mun yi magana ta waya, ya ce in aiko masa da waƙoƙin ya saurara a tsanake kafin mu zauna. Na aika masa huɗu daga Logozo da Fifa. Kashi na uku ba zai fita ba sai na ji ta bakinsa, ko da hakan na nufin sake ɗaukar wani ɓangare.

Na kuma sauya mabuɗin shirin. Da na fara da ranar haihuwa da sunan ƙasa. Yanzu zai fara da ƙarar allura tana sauka a kan faifai, da hayaniyar tsakar gida, ganga daga nesa, sai murya ta ce: wannan gida ne a Kwatano, shekarar 1969. Ƙanina yana neman tsohon garmaho da zai ɗauki ƙarar allurar daga gare shi, ya ce ta kwamfuta ba ta da ƙura. Ranar Asabar za mu ɗauki kashi na huɗu.